Mako uku ina neman wanda zai gyara mana firji

Firjin gidanmu mai ƙofa biyu ne, firiza a sama, wurin sanyi a ƙasa, irin wanda ake cewa ba ya tara ƙanƙara. Shekara 6 yana hannunmu bai taɓa kwana a kashe saboda matsala ba. Da ya tashi lalacewa sai da na yi mako uku ina fama, mutum uku suka taɓa shi, na je ofishin kamfanin da ya ƙera shi sau biyu. Da na zauna na yi lissafi daga baya, na ga yawancin wahalar ta samo asali ne daga abu ɗaya: ban san abin da ya kamata in tambaya ba, ban kuma san abin da ya kamata in hana ba. Shi ya sa nake rubuta wannan daki-daki, ko wani zai tsallake ramin da na faɗa.

Alamar farko ta zo tun kafin sanyi ya ragu. Wajen mako guda muna jin wata ƙara daga cikin firiza, kar-kar-kar, kamar fanka na gogar wani abu, in an buɗe ƙofa ta tsaya, in an rufe ta dawo. Daga baya ƙarar ta ɗauke gaba ɗaya, muka ɗauka abin ya gyaru da kansa. Ranar wata Litinin da yamma uwargida ta kira ni ta ce in zo in sa hannu a ƙasan firjin. Na sa, babu sanyi ko kaɗan, alhali abin da ke firiza yana nan a daskare. Hankalina ya tashi, ba don abinci ba. Mahaifiyata tana zaune tare da mu, tana da ciwon suga, kuma insulin ɗinta a wannan firjin yake. Wanda ba a buɗe ba ana so ya zauna tsakanin digiri 2 da 8, kada ya yi zafi, kada kuma ya daskare, don haka ba zan iya tura shi firiza ba. A daren na zuba shi a kula, na kai wa mai kantin maganin da muke saye a wurinsa, ya karɓa ya ajiye mana a nasa firjin. Na dawo gida muka kwashe komai muka rarraba wa maƙwabta su ajiye, na zare filogi daga soket, na bar ƙofofin biyu a buɗe. A ganina na yi daidai, tunda ina tsoron kada wani abu ya ƙone. Da safe na tarar da ruwa ya kwanta a ƙasa, ya yi yawa sosai, na sa tsumma na goge ban yi tunanin komai ba. Ku riƙe zancen ruwan nan, zai dawo.

Mai gyara na farko maƙwabcina ne ya ba ni lambarsa. Na tambaye shi ko ya taɓa yi masa aiki, ya ce a'a, shi ma wani ne ya ba shi. Ban tsaya a kan wannan ba saboda ina cikin gaggawa. Na kira, yaron ya ce yana tafe da ƙarfe 10 na safe. Na fasa fita aiki na zauna. Sha ɗaya ta yi, sha biyu ta wuce, in na kira sai ya ce ga shi nan a hanya. Sai bayan ƙarfe 4 ya iso, da 'yar jaka da tukunyar gas ƙarama wadda babu rubutu a jikinta. Tun daga bakin ƙofa, bai ma ga firjin ba, ya ce, "Yallaɓai, ai gas ne ya ƙare." Na ce masa firiza fa na yin sanyi. Ya ce haka yake yi in gas ya yi ƙasa. Ya jawo firjin, ya jona shi, ya ɗauko wani ɗan bawul da ake maƙalawa a jikin bututu a ɗaure shi har allurar cikinsa ta huda bututun. Ya haɗa agogonsa na auna ƙarfin gas, ya kira ni ya nuna mini allurar agogon ta sauka ƙasa da sifiri. "Ka gani da idonka, yallaɓai. Babu komai a ciki." Gani ya kori ji, na yarda. Ya buɗe tukunyarsa ya ɗura, yana taɓa bututu da hannu yana ƙarawa, babu sikeli, babu komai. Duka aikin bai kai minti 40 ba. Na biya shi kuɗin gas da kuɗin aiki a dunƙule, ban nemi ya rarraba mini ba, ban nemi rasit ba. Kafin dare ƙasan firjin ya yi sanyi. Washegari na karɓo maganin Hajiya, na ma yi wa maƙwabcin godiya.

Kwana 11 muka yi lafiya. A rana ta 9 ƙarar nan ta dawo, na ji gabana ya faɗi. Ran na 11 ƙasa ya sake ɗumi, sak kamar na farko. Na kira yaron, ya ce ƙila gas ɗin ya sake tsiyayewa, sai an ƙara, kuma sabon kuɗi ne. Na tuna masa cewa bai yi mako biyu da karɓar kuɗina ba. Ya ce shi bai yi alkawarin komai ba, kuma gaskiyarsa ce, ban sa ya yi ba. Daga nan ya daina ɗaukar wayata. Na sake mayar da insulin kantin magani, cike da kunya, don na riga na ce wa mutumin an gyara. A wannan karon ban kashe firjin ba, tunda firiza na ɗan riƙe abin da ke ciki.

Na biyu na samo shi ne ta waya, a cikin masu tallata aikinsu a intanet. Hotunan shagonsa sun yi kyau, an kuma yaba masa da yawa. Ya gaya mini kuɗin dubawa tun kafin ya zo, wannan ya burge ni, kuma ya iso a kan lokaci. Ya zagaya bayan firjin, ya ɗora tafin hannunsa a kan kwamfuresa, wato injin da ke tura gas ya zagaya, ya janye da sauri. Ya ce, "Oga, kwamfuresanka ya gaji. Ka ji zafin da ya yi? Sai an sake shi." Ya ce yana da na hannu mai kyau, zai ɗauki firjin zuwa shagonsa, kwana uku a dawo da shi, in ba da rabin kuɗi kafin alƙalami. Kuɗin da ya faɗa ya kusa rabin kuɗin sabon firji. Na tambaye shi ta yaya aka san kwamfuresa ne, ya ce shekararsa goma sha yana wannan aiki, da hannu yake ganewa. Ban ƙaryata shi ba, amma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, shi ma bai buɗe firiza ya duba ba, bai fito da mita ko ɗaya ba, kuma in firjin ya bar gidana ba ni da hanyar sanin abin da aka cire da abin da aka saka. Na biya shi kuɗin dubawa, na ce zan yi shawara. Bai ji daɗi ba, ya ce in na bari ya ƙone gaba ɗaya kada in kuka da kowa. A daren ban yi barcin kirki ba, ina ta tunanin ko taurin kai nake yi.

Zancen kwamfuresa ne ya tuna mini da garanti. Uwargida ta tono ambulan ɗin da muka zuba takardun firjin tun ranar saye: rasit, katin garanti, da ɗan littafin bayani. A katin an rubuta shekara 1 ga firjin baki ɗaya, shekara 10 ga kwamfuresa kaɗai. Na ji sanyi a raina. Washegari na tafi ofishin gyare-gyare na kamfanin. Na karɓi lamba na zauna wajen awa ɗaya da rabi. Da layi ya zo kaina, matar da ke teburin ta nemi rasit, da katin, da lambar samfuri, da kuma lambar da ta keɓanta da firjina shi kaɗai. Ta ƙarshen ba ta hannuna, sai da na kira gida aka ɗauki hoton takardar da ke manne a bangon cikin firjin aka turo mini. Ta shigar da komai a kwamfuta, sannan ta yi tambayar da ta kashe mini jiki: "Wani ya taɓa buɗe bututun gas ɗin?" Na gaya mata gaskiya. Ta juyo da katin, ta nuna mini ƙananan rubutun da ke bayansa, wanda ban taɓa karantawa ba: in wanda ba na kamfani ba ya taɓa hanyar gas, garantin kwamfuresa ya faɗi. Ta ƙara da cewa ko da bai faɗi ba, kayan kaɗai yake ɗauka, kuɗin aiki da na zuwa a kaina suke. Ba ta yi mini wulaƙanci ba, ƙa'idarsu ce, kuma a rubuce take. Ta ce za su iya turo ma'aikacinsu in biya, amma layi ya yi tsawo, sai nan da kwana 5 zuwa 7 na aiki. Ta ba ni lambar aiki a 'yar takarda. Na fito ina jin takaicin huda ɗaya da aka yi cikin minti biyu ta cinye mini shekara 4 na garanti.

Daga can na biya kantin magani don in karɓi wanda Hajiya za ta yi amfani da shi. Ina tsaye ina kallon firjinsa sai tambayar ta zo mini, wadda ya kamata in yi tun ranar farko. Na ce, "Malam, kai wa ke gyara maka wannan in ya lalace?" Ya ce mutum ɗaya ne tun da ya buɗe kanti, kuma shi ke duba na ɗakin gwajin jini da ke kusa. Ya ce ba shi da araha, kuma ba ya son a yi masa gaggawa, amma bai taɓa dawowa kan aiki ɗaya sau biyu ba. Kafin in kira shi na tsaya wurin wani mai sayar da kayan gyaran firji na ambaci mutumin, ban ce komai ba. Mai shagon ya ce ya san shi, yana cikin 'yan kaɗan da ke sayen filta duk lokacin da suka sayi gas. A lokacin ban gane muhimmancin maganar ba.

Tun a waya na ji bambanci. Bai ce mini ga abin da ya lalace ba. Tambayoyi ya jero: firiza na sanyi? Ana jin iska na fitowa daga ramukan da ke bangon baya na ƙasa? Kwamfuresa yana tafiya ba tsayawa ne, ko yana tashi ya yi ƙas ya mutu bayan 'yan daƙiƙu? An ji ƙarar fanka? Wa ya taɓa shi, me ya yi? Da na ba shi labarin kwana 11, sai ya tambaye ni awa nawa firjin ya yi a kashe kafin yaron ya zo. Na ce kusan awa 20. Ya ce, "To." Ya nemi in turo masa hoton takardar nan ta cikin firjin da hoton bawul ɗin da aka maƙala. Sannan ya ce, "Alhaji, abu ɗaya nake roƙo. Kada ka kashe shi kafin in zo. In ka kashe ka goge mini shaida." Ya faɗi kuɗin dubawa, ya ce in aikin ya zama nasa zai cire shi daga kuɗin aiki. Ya ce jibi da ƙarfe 9, kuma tara saura ya yi sallama.

Dattijo ne, da yaronsa ɗaya mai ɗaukar akwati. Ya fara da ƙofa: ya saka takarda tsakanin robar ƙofa da jikin firjin, ya rufe, ya ja, ya yi haka a kowane gefe. Takardar na riƙewa, roba lafiya lau. Ya leƙa baya, ya nuna mini wani ɗan faranti da ke zaune a kan kwamfuresa, a bushe ƙamas, ƙura ta kwanta a ciki. Ya ce in riƙe wannan a raina. Ya maƙala mita a wayar wuta ya karanta abin da kwamfuresa ke ja. Sai a nan ya zare filogi, ya kwashe kayan firiza, ya sa sukundireba ya kwance bangon bayanta. Abin da na gani ya ba ni mamaki: dunƙulen ƙanƙara tun daga sama har ƙasa, ta haɗiye bututun sanyi gaba ɗaya, ta kama fikafikan fanka, ta toshe hanyar da iska ke bi ta sauka ƙasa.

Ya zaunar da ni ya yi mini bayani, kuma wannan bayanin ne na fi so mai karatu ya ɗauka. Firjin da ake cewa ba ya tara ƙanƙara yana tarawa, a ɓoye ne kawai, a bayan wannan bangon. A ƙarƙashin bututun sanyi akwai hita da ke kunna kanta lokaci-lokaci, ta narkar da abin da ya taru, ruwan ya bi ta wani siririn bututu ya sauka a farantin nan na kan kwamfuresa, zafin kwamfuresa ya busar da shi. Wuri ɗaya ne ke yin sanyi a irin wannan firjin, wato firiza, fanka ce ke tura iskar zuwa ƙasa. In hita ta mutu, ƙanƙara za ta yi ta hawa har ta taɓa fanka, ita ce ƙarar da muka ji, sannan ta tsayar da ita, shi ne shirun da muka ɗauka sauƙi ne. Ya ɗora mitarsa a bakin wayoyin hitar, ya nuna mini: babu hanya, ta tsinke a ciki. Ya auna ɗan fis ɗin da ke kusa da ita da na'urar da ke jin sanyin wurin, su lafiyarsu ƙalau. Ya ce, "Ruwan da ka goge ran nan, shi ne gyaran. Kai ka gyara firjinka da ka kashe shi awa 20, ƙanƙara ta narke. Yaron ya zo ya tarar da aiki a gama. Kwana 11 kuma shi ne lokacin da ta ɗauka ta sake taruwa."

Na ce to agogon da na gani da idona fa, ƙasa da sifiri? Ya jawo takardar cikin firjin ya sa yatsa a kan wani rubutu: R600a, kusa da shi nauyin gas ɗin da firjin ke ɗauka, gram 58. Ya ce gas ɗin firji iri-iri ne. Na da can R12 ne, aka daina shi bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda yana cin rufin ozon da ke sararin sama. Aka koma R134a, yanzu kuma yawancin sababbin firjin gida R600a suke amfani da shi. Shi wannan yana tafasa ne a wajen digiri 12 ƙasa da sifiri, R134a kuwa sai wajen 26 ƙasa da sifiri. Saboda haka in firji mai R600a yana aiki lafiya, ɓangaren da ke zuƙo gas yakan sauka ƙasa da sifiri a agogo, haka aka ƙera shi. Wanda ya saba da R134a in ya ga haka sai ya ce babu gas. Ya ƙara da abin da ban taɓa ji ba: gas ɗin firji ba mai ba ne da ake ƙonawa, zagayawa yake yi a rufaffiyar hanya, ba ya ƙarewa. In ya ragu, to akwai inda yake fita, kuma duk wanda ya ɗura bai nemo hudar ya toshe ba, ya sayar maka da 'yan kwanaki ne kawai.

Sai batun kwamfuresa. Ya cire murfin gefensa, ga ƙafafu uku. Ya auna tsakaninsu bibbiyu, ya rubuta lambobi uku a bayan kwali, ya nuna mini cewa ƙananan biyun in an haɗa su suna ba da babbar, alamar naɗin wayar ciki lafiya yake. Ya auna tsakanin ƙafafun da jikin ƙarfen, babu wutar da ke zurarewa. Ya girgiza ɗan abin da ke tayar da shi, babu ƙarar fashewa a ciki. Zafin da na biyu ya ji gaskiya ne, amma dalilinsa daban: inji ne da ya kwana biyu yana gudu ba hutu saboda sanyi ba ya isa inda ake aunawa, ga kuma gas da aka ƙara masa a kan nasa, wanda ba a san irinsa ba. Wutar da yake ja ta ɗan haura yadda ya kamata. Ya ce bai mutu ba, amma in aka bar shi haka zai mutu. Bawul ɗin nan kuma na wucin gadi ne, ba a barinsa, yana saki a hankali, kuma a irin wannan firjin iska da danshi yake shigarwa ciki, danshin ya je ya daskare a siririn bututu ya toshe shi.

Ya ɗauki takarda ya rubuta aiki biyu daban. Na farko hita, ita ce ainihin cutar. Na biyu gyaran ɓarnar da aka yi wa hanyar gas. Kowanne ya raba kuɗin kaya da kuɗin aiki. Na biyun ya fi na farkon tsada nesa ba kusa ba, wato garin neman gira na kusa rasa ido. Duka biyun a haɗe ba su kai rabin abin da aka nema a wurina na kwamfuresa ba. Ya rubuta mini lambar hitar, ya ce in na fi so in sayo da kaina a kamfani, don ta dace da samfurin. Kafin ya tafi ya narkar da ƙanƙarar da ruwan ɗumi, a hankali, yana tarewa da tawul. Yaronsa ya ɗauko sukundireba zai ɓanɓare wani gefe, ya daka masa tsawa. Ya juyo ya ce mini kada wuƙa ko wani ƙarfe ya taɓa shiga wurin nan, bututun alminiyom ne mai laushi, huda ɗaya ta isa, kuma R600a yana kama wuta. Ya mayar da bango ya jona, ya ce zai riƙe mu mako guda.

Na koma kamfanin karo na biyu, wannan karon teburin sayar da kaya. Babu hitar a ƙasa, na biya, suka ba ni rasit, suka ce kwana 3, kuma ran na ukun suka kira. A nan na soke waccan lambar aikin da aka ba ni. Ranar da Malam mai gyara ya dawo, saka hitar bai ɗauki rabin awa ba. Aikin gas ne ya ci yini. Ya sa aka buɗe tagogi duka, ya hana kunna risho ko ashana, ya ja dogon tiyo ya fitar da gas ɗin waje. Ya hura iskar naitirojin ya wanke hanyar kafin ya kusanto da wuta. Ya yanke inda aka huda, ya yi walda, ya cire tsohuwar filta ya saka sabuwa, sai na tuna maganar mai shago. Ya ce duk lokacin da aka buɗe hanyar gas sai an sake ta, don ita ke tsotse danshi. Ya sake cika hanyar da naitirojin, ya shafa kumfar sabulu a duk inda ya yi walda, muka zuba ido babu kumfar da ta tashi. Ya haɗa injin zuƙe iska ya bar shi yana aiki fiye da rabin awa. Sannan ya ɗora gwangwanin gas a kan ƙaramin sikeli, gwangwani mai rubutu R600a a jiki, ya ce in karanta nauyin da bakina. Ya ɗura har sikeli ya ragu da gram 58, ya rufe. Ya ce a gas kaɗan irin wannan, 'yan gram sama ko ƙasa suna canza aikin firji, shi ya sa hannu ba ya auna shi. Bai karɓi cikon kuɗinsa ba sai washegari, bayan ya dawo ya tilasta wa hitar ta kunna a gabana muka ga ruwa ya sauka a faranti. Ya ba ni tsohuwar hita da tsohuwar filta da bawul ɗin a leda, ya rubuta rasit da garantin wata 3 a kan aikinsa, ya sa hannu.

Da zan sake bin wannan hanya, ga inda zan canza. Zan fara da ambulan ɗin takardu kafin in kira kowa, in karanta bayan katin garanti, domin da kamfanin na fara zuwa da garantina na nan. Zan nemi mai gyara a wurin waɗanda abincinsu ya dogara da sanyi, masu kantin magani, masu ɗakin gwaji, masu sayar da kayan sanyi, in kuma tambaye su sau nawa ya dawo kan aiki ɗaya. Lambar da aka ba ka daga wanda shi ma ba shi aka yi, ba shaida ba ce. Yabon intanet ma yana iya nuna mutum na zuwa a kan lokaci, amma ba ya nuna ya iya aunawa. Ba na cewa mutanen farko biyu ɓarayi ne, ina ganin kowannensu ya faɗi abin da ya saba gani ne, sai dai ni na biya kuɗin abin da suka saba. Abin da zan tsaya a kai da ƙarfi shi ne kada kowa ya huda ko ya yanke bututu sai ya buɗe ya duba, ya auna, ya nuna mini, ya kuma karanta irin gas ɗin da ke rubuce a jikin firjin. In ya ce gas, in tambaye shi ina hudar take. In ya ce kwamfuresa, in ce ya auna a gabana. In bai zo da sikeli da injin zuƙe iska ba, to ba ranar aikin gas ba ce. Kuma ba zan bari a fita da firji daga gida ba sai in babu makawa, in ma an fita da shi sai na ɗauki hoton takardar jikin kwamfuresa, sannan in an dawo da shi a kwance a bar shi a tsaye na wasu awanni kafin a jona, don man ciki ya koma mazauninsa.

Akwai kuma abin da na koya game da jiran kansa. Firjin da ya tsaya, in ba a buɗe shi ba, yana riƙe sanyi wajen awa 4, firiza cikakkiya kuma wajen awa 48, rabin cika awa 24. Wato akwai lokacin yin tunani da kiran mutum biyu ko uku, ba sai an damƙa wa na farkon da ya ɗauki waya ba. Magani kuwa a fara fitar da shi tun a awar farko, a tambayi mai kantin magani yadda za a adana shi.

Malam ya sa na sayi ɗan ma'aunin sanyi na rataya a tsakiyar firjin. Ƙasa ana so ya tsaya a digiri 4 ko ƙasa da haka kaɗan, firiza kuma 18 ƙasa da sifiri. Ya ce in matsar da firjin daga bango ya samu iska, in riƙa share ƙurar bayansa, in wuta ta ɗauke ta dawo nan take in ba shi minti 5 kafin ya tashi. Yau wata 7 ke nan. Kowace safiya kafin in miƙa wa Hajiya allurarta ina duba ma'aunin, yana tsakanin 3 da 4. Rasit ɗin hita da na Malam na saka su a ambulan ɗin nan tare da katin garanti, na rubuta lambar wayarsa da R600a da gram 58 a bayansa.